Gudda Iri Biyu Ce

Kalma ɗaya ce ta kusa kashe mata biyu a unguwarmu, matata da aminiyarta. Kalmar ita ce gudda. Haka muke kiran ciwon nan na wuya a nan Sudan, da Larabci, har yaranmu ba su san kakanninsu maƙoƙo suke ce masa ba. Dukansu biyun suna raye, alhamdu lillahi, amma mun sha da ƙyar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, ko wani ya karanta ya huta da irin wahalar da muka sha.

Sunana Bello. Manomi ne ni a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi tsakanin Makwar da Sinja. Sunan matata Halima, amma tun ranar da aka kawo ta mahaifiyata ta raɗa mata Ta Makwar, don can aka haife ta, sunan kuwa ya bi ta har bakin jikoki. Abin da zan faɗa ya faru kafin yaƙi, lokacin da mutum ke iya hawa mota da safe ya je Madani ya ga likita.

Ciwon ya fara ne bayan mun cire gyaɗa, sanyi ya shigo. Kowa na neman bargo, ita tana fifita. In na ce ta rufa sai ta ce ni ne jinina ya tsufa. Kullum bayan la'asar takan dafa mana jabana, wato gahawa, mu sha a ƙarƙashin rumfa. A shekarun zamanmu ban taɓa ganin ta zubar da ɗigo ɗaya a faranti ba, sai ga shi hannunta na rawa, rabi a finjali rabi a ƙasa.

Na ce, "Ta Makwar, tsufa ne ya shigo ba sallama?"

Ta ce, "In tsufa na, ɗakinka ya fara sauka. Karɓi ka sha."

Muka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Ci take kamar mai aikin gona, ta share kwanon asida, wato tuwonmu na nan, ta nemi ƙari, amma kullum ƙara ramewa take. Awarwaron da ke tsaye cif a hannunta ya koma zamewa har gwiwar hannu. Ga saurin fushi. Matar da ko ɗanta ba ta ɗaga wa murya, sai in ji ta tana faɗa da kaji tun da sassafe.

Makonnin farko mun bi hanyar da kowa ke bi. Aka ce maleriya ce, aka yi allurai. Ba ta ji sauƙi ba, aka ce to taifot ne, don a wajenmu duk ciwon da ya ƙi jin allurar maleriya taifot ne. Yayata, Yaya Kulu, wadda ba ta taɓa rasa sanin dalilin komai ba, ta ce baki ne, gyaɗarmu ta yi kyau bana mutane sun gani. Aka yi rubutu aka sha. Ban raina rubutu ba, har gobe ina sha, sai dai awarwaron bai daina zamewa ba.

Wani ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu ne ya fara gano bakin zaren, Allah ya saka masa. Ya ba ta ruwa ya ce ta haɗiya yana kallon wuyanta. Ya ce, "Di gudda. Ku tai Sinja a yi fahas, gwajin jini, kada ku zauna." Muka ce to. Amma ruwan ban ruwa ya zo layin gonarmu, irin albasa na jiran dashe, muka ce bari a gama wannan tukuna.

A nan Hajja Amna ta shigo labarin. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shekara ɗaya aka kawo su ita da Ta Makwar, kowace ta riƙe ɗayar a haihuwa, kuma ba a taɓa sauke tukunya a gida ɗaya ba a ƙetara da ita katanga ba. Amna ta daɗe da gudda. Kowa ya sani, don duk wata mijinta na sayo mata wasu ƙananan fararen ƙwayoyi daga Sinja, tana sha da safe kafin ta ci komai. Da ta ji labari ta shigo da saurinta, tobinta, wato mayafinta, na jan ƙasa.

Ta ce, "Gudda anka ce? To mi na na wahalar Sinja? Ai ciwona na. Shekara nawa ina shan ƙwayag ga, gani nan garau. In kin tai ma ita daktor za ya ba ki, sai dai ki sha layi banza."

Ta ɓalle rabin nata ta ba ta. Ina zaune aka yi, ni da kaina na yi mata godiya. Wa zai ga aibu? Sunan ciwo ɗaya, wuri ɗaya a wuya, magani kuma daga hannun likita ya fito, ba daga kasuwa ba.

Mako na farko da fara sha, zufa ta ƙaru. Na biyu, barci ya ƙaurace mata, in ta zauna kana iya hango bugun zuciyarta ta saman riga. Amna ta damu ƙwarai. Ta ce ita ma da farko ƙwaya ɗaya ba ta ishe ta ba sai da likita ya ƙara mata, don haka Ta Makwar ta riƙa shan biyu. Ta ƙara ɓallo nata ta bayar. Wata safiya Ta Makwar na gaban murhu tana yin kisra, siririyar wainar dawa, na ji ƙarar faɗuwar kwano. Na same ta a kife gefen wuta tana haki, ta kasa ko kiran sunana. Ban san lokacin da na ɗauke ta na kai bakin titi ba.

Asibitin Sinja sai wanda ya je. Layi a wajen karɓar kati, layi a wajen likita, layi a wajen ɗibar jini, sannan a ce ka dawo gobe. Na ga mutane kwance a inuwar bango da ledar ƙarin ruwa rataye a reshen bishiya. Amma kuma a layin nan wata Balarabiya da ban sani ba ta tashi ta ba Ta Makwar wurinta, ta tsaya tana yi mata fifita da gefen mayafinta har aka kira mu. Ko sunanta ban tambaya ba, ina dai sa ta a addu'a.

Da sakamako ya fito likitan ya duba takardar, ya dube mu, ya sake duba takardar. Ya tambaya ko tana shan wani abu. Na fito da ƙwayoyin Amna daga aljihu. Ya dafe kai.

Ya ce, "Ya hajj, wa ya ba ku wannan?"

Na ce maƙwabciyarmu ce, ita ma gudda gare ta.

Ya ce, "Gudda iri biyu ce. Akwai hamla, akwai nashta."

Kalmomin nan biyu har in mutu ba zan manta su ba. Ya ce hamla ita ce mai barci, ba ta aikin da ya kamata, mai ita sai ya yi nauyi, ya riƙa jin sanyi, ana ba shi wannan ƙwayar ta cike gurbi. Nashta kuwa gudu take ba linzami, tana ƙona jiki. Ta Amna mai barci ce, ta matata mai gudu. Ya ce, "Jaki na gudu da ku, kun ƙara masa bulala." Ya rubuta wata ƙwaya mai rage mata gudu, da wata ta kwantar da zuciya. Kafin in buɗe baki in yi wata tambayar an riga an turo mutum na gaba. Ina gode masa, shi ya tsayar da ɓarnar. Amma akwai magana ɗaya da ya kamata a ce ya gaya mana bai gaya mana ba, za ku ji ta a gaba. Takardar da ke cikin kwalin maganin kuwa da Turanci aka rubuta ta, da ƙananan baƙaƙe, ba wanda ya iya karantawa a layinmu.

A mota muka shirya ni da Ta Makwar cewa za mu gaya wa Amna a hankali, don mun san zuciyarta. Yaya Kulu ta riga mu. Tana jin bayani ta miƙe tsakar gida, ta fuskanci katanga, ta ce da ƙarfi, "Ashe guba anka yi ta ɗura mata! Kowa ya zama daktor garin ga!" Jim kaɗan sai ga Amna a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Ta tsaya tana kallon Ta Makwar a kan gado, hawaye na zuba, ta juya ta fita. Ta Makwar ta kira ta, ta aika mata, ta sake aikawa. Abinci dai bai daina ƙetaro katanga ba, amma ita ba ta ƙara shigowa ba.

Sabon maganin ya karɓe ta. Cikin 'yan makonni rawar hannu ta ragu, ta fara barci, kaji suka samu lafiya. Har na fara tsokanarta cewa na yi kewar faɗan. Muna murna, sai ƙaiƙayi ya zo. Ta riƙa sosa jiki har da tsinken tsintsiya. Fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi. Wata safiya na dube ta a hasken rana na ga farin idonta ya zama rawaya. Na san wannan. Shawara ce, ciwon hanta, shi ya ɗauke ƙanen mahaifina ina yaro.

Ranar da wannan shawarar ta shigo gidanmu, ɗayar shawarar ta biyo ta a guje. Wannan ya ce rake kawai za ta riƙa sha. Wancan ya ce kada ta kusanci mai ko nama. Wata ta kawo saiwa mai ɗaci a ƙulle a tsumma. Yaya Kulu ta ce maganin shawara ɗaya ne tun kaka da kakanni, a yi mata lalas da ƙarfe mai zafi a hannu, har ta aika wa mai yin. Ni kuma na ɗauki waya na shiga bincike da ɗan Larabcin da na iya karantawa. Shafi ɗaya ya ce sankara ce. Na gaba ya ce lemon tsami da zuma sun wadatar. Kowanne da hoton mutum cikin farar riga, farar riga kuwa ko a kasuwar Sinja ana sayar da ita.

Wanda ya fi kama zuciyar Ta Makwar wata murya ce da aka yi ta turawa a waya. Wani mutum ne daga Najeriya, da Hausarsa mai daɗi, irin wadda ba mu ƙara ji ba tun da tsofaffinmu suka ƙare. Ya lissafa ƙaiƙayi, ya lissafa rawayar ido, kamar yana ɗakinmu. Ya ce ƙwayoyin asibiti ne ke ruɓar da hanta, shi kuma yana da gari guda da ke wanke hanta, ya narkar da maƙoƙo, ya kori ciwon suga da basir. Ta saurara, ta sa na maimaita, ta sake saurara. Na ga ƙwalla a idonta. Ta Makwar na jin Larabcin kasuwa da na gaisuwa sarai, amma na asibiti wucewa yake ta saman kanta. Tun da ta fara ciwon nan wannan ne karon farko da wani ya yi mata bayanin jikinta da harshen da take mafarki da shi. Ban ga laifinta ba.

Ta ajiye ƙwayoyin Sinja, ta ce ta gama. Ta ce, "Na Amna ya kusa kashe ni, na daktor ya mai da ni rawaya. Ku bar ni haka nan. In za a samo na mutumen ga a samo." Ta kafe, asibiti ba za ta koma ba. Zuciyar kuma ta fara komawa gudunta na da, ina gani.

Ni ban san wanda ke da gaskiya ba. Abu ɗaya dai na lura da shi ina zaune ina juya maganar. Duk masu ba mu magani da tabbaci, daga Yaya Kulu har mai muryar waya, babu wanda ya yi mana tambaya ko ɗaya. Amna ma, da duk ƙaunarta, ba ta tambaya ba. Ranar da mai lalas zai zo da yamma, na sami Ta Makwar a rumfa bayan azahar na zauna kusa da ita.

Na ce, "Halima."

Ta ɗago da sauri, don rabon da in kira ta da sunan nan tun muna yara.

Na ce, "Ni ban san maganinki ba, ba ni yi miki ƙarya. Abin da na sani, in kin tafi ba ni da inda za ni sa kaina. Ki ba ni tafiya guda. Madani. In sun kasa, kowa kika ce shi za mu bi."

Ta ce, "Da sharaɗi. Ba ni ƙara haɗiye abin da ban gane ba."

Na ce na yarda. Yaya Kulu ta yi fushi ta ce mun mai da ita mahaukaciya, ta yi kwanaki ba ta gaishe ni. Ita ce kuma ta riƙe mana gida da awaki duk tsawon tafiyar, ba ta taɓa gori ba.

Muka sauka Hasahisa wajen 'yarmu Zainab da ke aure can, daga nan muka riƙa shiga Madani. Layin can ya ninka na Sinja. Da muka shiga, likitar mace ce, yarinya siririya da tabarau. Ta Makwar ta karkato ta ce mini da Hausa, ba ta ko rage murya ba, "Wagga ɗiya za ta duba ni? Ai Zainab ta girme ta."

Likitar ta yi murmushi ta ce, "Inna, ina ji fa."

Ashe 'yar Hausawa ce. Kakanninta na wani ƙauye ne wajen Damazin, amma a Hartum ta tashi, Hausar tata duk ta karkace, kalma biyu sai ta jingina da Larabci. Ta Makwar ta rufe baki don kunya. Likitar ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Inna. Mi ke damun ki?"

Ta Makwar ta ce, "Ɗiyata, shawara gare ni."

Sai likitar ta ajiye alƙalami, ta gyara zama cikin ladabi, ta haɗa hannuwa. Ta ce, "To Inna, ina saurare. Ba ni."

Muna kallonta, tana kallonmu. Ni na fara ganewa. Ita shawara ɗaya ta sani, wadda manya ke ba yara, tana jira tsohuwa ta yi mata nasiha. Da na fassara mata, ta kife kai a tebur tana dariya. Ta Makwar ta yi dariya har da riƙe ciki, rabon da in ji wannan dariyar tun kafin sanyi. Ta ce, "Wayyo, an bar ki ba Hausa! Wa ya rene ki?"

Daga nan hira ta buɗe. Likitar ta nuna gefen cikinta na dama ta ce, "Kibda, yaya ake ce mata?" Ta Makwar ta ce hanta. Likitar ta maimaita, aka gyara mata, ta sake maimaitawa. Sannan ta fara tambaya, ba ta gajiya. Yaushe ƙaiƙayin ya fara, kafin sabon magani ko bayansa? An taɓa yi mata ƙarin jini? Tana wanki a ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa? Ta sa muka juye duk abin da Ta Makwar ta taɓa haɗiya a kan tebur, har saiwar cikin tsumma, ba ta kuwa yi mana dariya ba. Da ta gama Ta Makwar ta ce, "To mi na na?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna, Inna. Ina zato, amma zato ba ya isa. Sai jini ya faɗi."

Ta Makwar ta dube ni. A watannin nan kaf ba wanda ya taɓa ce mana bai sani ba. Sai ta ce in kunna wa likitar muryar mutumin nan. Na ji kunya, amma na kunna. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce mutumin bai yi ƙarya a komai ba, akwai ƙwayoyin da ke taɓa hanta. Sannan ta ce, "Amma ya tambaye ki guddar taki wace iri ce? Ya ga idonki? Shi ke yabon garin, shi ke sai da shi. Inna, Hausatai ta fi tawa nesa. Kada ki yarda da shi don Hausa, ni ma kada ki yarda da ni don Hausa. Duk abin da na ce, ki ce in nuna miki a takardar jininki."

Kwanakin gwaji sun ba mu wuya. Yau wuta ta ɗauke, gobe na'ura ta lalace a tura mu waje, ga mai jinya da ƙyar take tsayuwa. Gyaɗar da na ajiye sai ta yi daraja dole na fitar da ita a lokacin da ba ta da daraja. Amma sakamako ya fito, likitar ta zaunar da mu ta bi shi layi layi da yatsa, rabi Hausa rabi Larabci. Babu ƙwayar cutar hanta, babu sankara. Maganin Sinja ne hantarta ba ta karɓa ba. Ta ce maganin daidai ne, mutane da yawa na shan sa lafiya, amma jefi-jefi yakan yi wa wani haka. Shi ya sa duk wanda aka ba ya kamata a gaya masa, in ya ga rawayar ido, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ya dawo asibiti ranar nan. Wannan ce maganar da ba a gaya mana ba. Ta ce barin ƙwayar da Ta Makwar ta yi ya taimaki hantar, amma zama a gida da gudda na gudu ba abin da ke riƙe ta, zuciya zai kai ƙasa.

Aka kwantar da ita. Matan ɗakin nan, Hausawa da Larabawa da mutanen yammacin Sudan, kwano ɗaya suke ci, in na fita neman magani su ke juya ta. A hankali rawayar ta fara washewa, ƙaiƙayi ya lafa. Da ta yi ƙarfi aka ba ta wani magani na yod, wato aidin, da ake sha sau ɗaya, ya je ya kashe gudun guddar. Sai da likitar ta yi mata bayaninsa har ta iya maimaita mini da bakinta kafin ta yarda ta sha. Abin da ya fi yi mata zafi, an ce saboda ƙarfin maganin kada ta ɗauki jikoki sai bayan 'yan kwanaki. Sai ta zauna a ƙofar ɗaki tana yi wa ƙaramin ɗan Zainab wasa daga nesa, shi yana miƙo hannu yana kuka, ita ma tana yi.

Watanni ta yi a Hasahisa, ni ina kai da komo tsakanin gona da can. Duk zuwana tambayarta ta farko Amna. Ni kuwa namiji ne, ba na shiga cikin gidan mutane. In na tambayi mijinta a masallaci sai ya ce sanyi ne ke ɗan damunta, da sauƙi. Haka nake kai saƙo.

Likitar ta riga ta gaya mana cewa bayan yod ɗin guddar na iya wucewa ta koma barci. Haka kuwa aka yi. Ta Makwar ta fara jin sanyi, jiki ya yi nauyi, aka auna jini, aka rubuta sabon magani. Muka karɓa, ta buɗe kwalin a bakin titi, sai ta tsaya cik. 'Yan ƙananan fararen ƙwayoyi. Na Amna ne sak. Ta juya muka koma, muka sake bin layi. Ta ajiye kwalin gaban likitar ta ce, "Wagga ita ta kusa kashe ni." Likitar ta buɗe baki za ta yi bayani, Ta Makwar ta ɗaga mata hannu. Can ta ce, "Tsaya. Da gudu takai, yanzu barci takai. Shi ke nan?" Likitar ta ce shi ke nan, Inna, sai dai adadin da za ki sha jininki ne zai riƙa faɗi. Ranar na ji alfahari da matata.

Mun dawo gida ana tsananin zafi, gab da faɗuwar damina. Unguwa ta cika gidanmu da barka, Yaya Kulu na ta raba shayi tana gaya wa kowa ita dama ta ce a je Madani. Ta Makwar na amsa gaisuwa, idonta na kan ƙofa. Da mutane suka ragu ta ja tobinta ta ce in raka ta. Mijin Amna ya ce mu shiga, ai ni ba baƙo ba ne.

Da ƙyar na gane ta. Ana wannan zafin, tana ƙudundune cikin bargo. Fuska ta kumbura, idanu sun yi ciki, gashin gira ya zube. Da ta yi magana muryar ta yi kauri, kalma na fita ɗaya bayan ɗaya kamar mai magagi.

Ta Makwar ta ce, "Amna, ina ƙwayoyinki?"

Ta ce, "Na zuba su tur'a. Tun ranan nan." Ta huta, ta ce, "Abin da ya kusa kashe ki ba ya ƙara shiga bakina."

Duk watan duniya mijinta na sayowa, tana karɓa, tana zubarwa, ba wanda ya sani. Mu muna can muna neman ran ɗaya, ɗayar na nan bayan katanga tana narkewa. An gaya mata ƙwayar guba ce, ba wanda ya tsaya ya gaya mata cewa ita a jikinta magani ce.

Ta Makwar ta zauna a bakin gadon. Ta kwance ƙullin bakin tobinta ta fito da nata ta nuna mata. Ta ce, "Duba. Abin da nika sha kullum da safe. Daktora ta ba ni da hannunta." Ta yi mata bayanin mai gudu da mai barci, da Hausa, a hankali, sau biyu, yadda aka yi mata. Amna na kallon ƙwayar, hawaye na gangarowa kan kumburarren kuncinta.

Ta ce, "Ashe yanzu ciwonmu guda?"

"Yanzu guda na."

Amna ta fito da hannu daga cikin bargo ta miƙo a ba ta. Ta Makwar ta mayar da ƙwayoyin ta ƙulle, ta kama hannun da aka miƙo ta riƙe shi gam da hannu biyu.

Ta ce, "Ko guda ba ni ba ki, Amna. Raina in kina so ki ɗauka, amma wagga a'a. Gobe da safe Sinja, a auna ki a ba ki naki. Ni za ni riƙe miki layi."

Likitan da ya duba ta washegari ya ce da mun ƙara jinkiri, wata rana barci za ta yi ba ta farka ba. Ta Makwar, wadda watanni kaɗan baya ni ke ɗaukar ta, ita ta tsaya a rana tun safe har azahar da katin Amna a hannu. Na yi na yi ta zauna in karɓe ta, ta ƙi.